Buɗe tagar ido kafin aikin cire yana: daga ɗigo zuwa ƙugiya

Yana a bayan labulen ido take zaune, kuma babu hanyar isa gare ta sai ta ƙaramar tagar nan da ke tsakiyar labulen. A hasken ɗaki faɗin tagar dattijo bai cika wuce milimita 3 ba, alhali madubin ido da yana ta rufe, wanda za a ciro, ya kai milimita 9. A aikin fako, inda na'ura ke farfasa yana ta zuƙe, likita yana buɗe jakar madubin da'ira mai faɗin milimita 5 zuwa 5.5. A aikin hannu na ƙaramar yanka, wanda shi aka fi yi a asibitocinmu da zangon aikin ido, buɗin ya fi haka girma, domin ƙwallon yanar gaba ɗayansa zai fito. Shi ya sa ake so taga ta kai milimita 6 aƙalla, in ta kai 7 ko 8 ma ya fi, kuma ta tsaya a haka har a sa sabon madubi. Idan ta tsuke, aiki ya koma lalube a duhu: jaka ta yage, ruwan kaurin bayan ido ya ɓullo, ragowar yana ta ɓuya a bayan labule, ko bakin na'ura ya cafki labulen kansa.

A nan taga na nufin baƙin ramin tsakiyar ido, labule kuma naman nan mai launin ƙasa-ƙasa da ya kewaye ta. Zaure shi ne filin da ke tsakanin koniya, wato fatar nan mai kamar gilashi da ke gaban ido, da labule. Sunayen magunguna an bar su yadda suke a jikin kwalba, gudun kuskure.

Tsokoki biyu, magani iri biyu

Labule yana da tsokoki biyu masu ja-in-ja. Ɗaya ta kewaye bakin taga kamar zariyar wando, in ta ja sai taga ta tsuke. Ɗayar a shimfiɗe take daga bakin taga zuwa gindin labule kamar wayoyin ƙafar keke, in ta ja sai taga ta buɗe. Don haka magani ma iri biyu ne. Tropicamide, cyclopentolate, homatropine da atropine suna saki zariya. Phenylephrine da adrenaline suna zaburar da mai ja. Haɗa biyun ne ke ba da buɗi mai ƙwari wanda hasken na'urar hangen tiyata ba zai rufe ba. Phenylephrine kaɗai yana buɗe taga a ɗaki, amma da an haska fitila sai zariya ta rinjaye shi.

Tropicamide 1% yana kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti 20 zuwa 40, ya sake bayan awa 4 zuwa 6. Cyclopentolate 1% ya fi shi nawa, yakan ɗauki minti 30 zuwa 60, amma yana riƙewa har kwana guda. Homatropine 2% kwana ɗaya zuwa uku. Atropine 1% mako guda ko fiye, kuma ba ya kamawa da wuri, saboda haka ba maganin safiyar tiyata ba ne. Launin da ke cikin baƙin labule yana shanye wani kaso na maganin ya riƙe, shi ne dalilin da ya sa idon mutanenmu ya fi na Bature jinkirin buɗewa, kuma ya fi daɗewa kafin ya koma. Jadawalin minti 30 da aka tsara a Turai sau da yawa ba ya isa a Kano ko Damagaram.

Aikin yana farawa tun ranar duba ido

Kafin a ɗiga komai, a haska tocila a ga yadda tagogin biyu ke amsa haske, ana karkaɗa hasken daga wannan ido zuwa wancan. A idon da yana ta nuna fari fat ba a ganin bayansa, wannan gwajin na cikin 'yan abubuwan da ke nuna ko jijiyar gani tana da rai. Da an ɗiga magani damar ta wuce sai wata rana. Awon matsin ido da awon lanƙwasar koniya su ma a gama su tukuna.

Sai zurfin zaure. A riƙe tocila ta gefen kunne, haske ya bi saman labule a kwance. In labulen duka ya haskaka, zaure na da zurfi. In ɓangaren hanci ya shiga inuwa, labule ya turo gaba, kuma buɗe taga na iya toshe magudanar ruwan ido, matsi ya hau cikin 'yan awoyi. Irin wannan ido, da wanda yanarsa ta kumbura, likita ne zai duba kusurwarsa kafin a ɗiga, kuma ba a sallamar mai shi sai an sake auna matsi. A gaya masa baki da baki cewa in ya ji ciwon ido mai tsanani da ciwon kai, ko amai, ko yana ganin bakan gizo kewaye da fitila, ya dawo a daren, kada ya jira gari ya waye.

Bayan an buɗe, a auna a rubuta a kati da lamba: “taga milimita 5 bayan ɗigo uku”. Kalmar “ta buɗe” ba ta gaya wa likita komai. In babu ma'auni, faɗin koniya daga gefe zuwa gefe kusan milimita 12 ne, tagar da ta ci rabinsa ta kai 6. Wannan lambar ita ke faɗa wa ɗakin tiyata ko a tanadi ƙugiyar jan labule, ko a sa majinyacin a hannun babban likita.

Masu ba da wahala sanannu ne: mai ciwon suga na shekaru, wanda ya tsufa tukuf, wanda ya daɗe yana ɗiga pilocarpine saboda gilakoma, wato ciwon hawan matsin ido, wanda ya taɓa kumburin cikin ido har labule ya manne da jaka, wanda aka taɓa yi wa aiki ko ya ji rauni a idon, da mai tsohuwar kuturta, wadda takan bar taga ƙanƙanuwa da labule sakayau. Akwai kuma idon da ake ganin farin gari kamar amosanin ka a bakin tagarsa da fuskar jaka, wanda ake rubutawa PXF. Shi matsalarsa biyu ce, taga ba ta buɗewa, zaruruwan da ke riƙe da jaka kuma ba su da ƙwari. Mai ɗiga pilocarpine a dakatar masa da shi kwanaki kafin aiki in likita ya ga hali, a musanya da wani maganin matsi.

Tambayar da aka fi mantawa ita ce ta maganin fitsari. A 2005 David Chang da John Campbell a Amurka suka bayyana abin da ake kira IFIS, wato labule mai sanyin jiki, suka danganta shi da tamsulosin da ake ba maza masu kumburin firostet. Alamunsa uku: labule yana kaɗawa kamar tuta da ruwa kaɗan, yana bin ƙofa ya leƙo waje, taga kuma tana ta tsukewa ana cikin aiki. Alfuzosin, doxazosin da terazosin su ma suna yi, amma ba kamar tamsulosin ba. Dattijo ba zai kawo sunan magani ba, kuma da wuya ya ɗauko zancen fitsari a gaban 'yarsa da ta rako shi. A keɓe shi a tambaya: “Baba, an taɓa ba ku ƙwayar da ke sa fitsari ya sauka?” Kalmar “taɓa” ce muhimmiya, domin an ga IFIS a mutanen da suka bar maganin da shekaru. Dakatar da shi kafin aiki ba ya hana komai, sai dai ya jawo fitsari ya riƙe. Wasu likitoci suna ba da atropine 1% sau uku a rana na kwana ɗaya ko biyu kafin aiki. In za a yi haka, to tamsulosin ɗin dole a ci gaba da shi, don atropine kansa yana riƙe fitsari.

Wani abu da ya shafi zango: an tantance jiya, za a yanka yau. Idon da aka buɗe jiya da phenylephrine, musamman na tsoho, yakan ƙi buɗewa yau kamar jiya. In dai aiki gobe ne, a yi dubar da tropicamide kaɗai, ɗigo kaɗan.

Safiyar aiki

A tabbatar da idon da za a yi wa aiki daga kati da kuma bakin majinyaci, a sa alama a goshi, sannan a ɗauko kwalba. Ɗiga wa idon da ba shi ba yakan zama mafarin yanka idon da ba shi ba. A auna hawan jini kafin ɗigon farko. Wurare da yawa suna ɗage aiki in ya kai 180/110. A karanta jikin kwalba. Jan murfi al'adar Amurka ce ga magungunan buɗe taga, ba kowane kamfani ke bin ta ba. Phenylephrine ko adrenaline da ya sauya launi ya yi ja-ja ko ƙasa-ƙasa, iska da zafi sun kashe shi, a zubar.

Jadawalin da aka saba: tropicamide 1% da phenylephrine 2.5%, ɗigo ɗaya-ɗaya, sau uku, tsakanin kowane zagaye minti 10 zuwa 15, a fara awa guda kafin shiga. Inda aiki zai yi tsawo, ko labule ya yi baƙi sosai, a ƙara cyclopentolate 1%. Kwalbar haɗi ta Indiya mai tropicamide 0.8% da phenylephrine 5% tana rage wahala, sai dai a tuna ƙarfin phenylephrine ɗinta ninki biyu ne.

Yadda ake ɗigawa ya fi yawan ɗigon tasiri. Majinyaci ya zauna, kai ya ɗan koma baya. “Iya, kalli sama.” A ja fatar ƙasa da yatsa ta yi aljihu, a saki ɗigo ɗaya daga nisan yatsa guda, bakin kwalba bai taɓa gashin ido ba. “To rufe a hankali, kada ki matse, kada ki ƙifta.” Sai a ɗora mata yatsanta a lungun ido ta gefen hanci, ta danne minti biyu. Nan ne magudanar hawaye take. In ba a toshe ba maganin ya gangara hanci da maƙogwaro ya shiga jini, ido ya samu kaɗan, zuciya ta samu da yawa. Ɗigo ɗaya ya riga ya fi abin da aljihun ido ke ɗauka, na biyu a kumatu zai ƙare. Tsakanin magani da magani a bar minti 5, in ba haka ba na biyu zai wanke na farko. Tropicamide da cyclopentolate suna da raɗaɗi, hawaye kuma yana kore magani, don haka ɗigo ɗaya na proparacaine 0.5% a farko yana taimakawa, yana ma sa maganin ya fi ratsa koniya. Ɗaya ɗin ya isa. In aka yawaita, fatar koniya ta yi hazo, likita ya samu babbar taga amma ta bayan gilashi mai ƙura. In ana amfani da lidocaine mai kauri irin na shafawa, sai an gama ɗigo da aidin za a sa shi, domin yana tare su.

Phenylephrine 10% ba abin wasa ba ne. Ɗigo ɗaya na mil 0.05 yana ɗauke da miligiram 5, na 2.5% kuwa 1.25. A mai hawan jini, mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, mai maƙoƙo mai guba, da mai shan wasu tsofaffin magungunan ciwon damuwa, 10% na iya harba jini sama ko ya rikita bugun zuciya. Ga yara haramun ne. Ƙarin buɗin da yake bayarwa a baƙin labule bai kai haɗarin a riƙa ba kowa ba. In za a yi, ɗigo ɗaya, da izinin likita, a toshe magudana. Cyclopentolate da atropine kuma nasu laifin daban: fuska ta yi ja, baki ya bushe, jiki ya yi zafi babu gumi, tsoho ya rikice yana surutai, yaro ya yi ta fizge-fizge. A zafin bazara, cikin rumfar jira, ana iya ɗaukar wannan a matsayin zazzaɓi. Jarirai cyclopentolate 0.5% ake ba su ko ƙasa da haka.

Taɓa labule yana sa shi fitar da sinadaran kumburi da ke zuge taga, kuma tropicamide ba ya hana wannan. Maganinsa ɗigon rage kumburi ne wanda ba sitiroyid ba: flurbiprofen 0.03%, ɗigo ɗaya kowane minti 30, sau huɗu, a fara awa biyu kafin aiki. Ko ketorolac 0.5%, diclofenac 0.1%, nepafenac 0.1%. Ba sa buɗe taga, riƙe ta suke yi a buɗe. Sai an ba su lokaci, ɗigo ɗaya a bakin ƙofar tiyata bai cika yin komai ba.

Kuskuren dogon layi shi ne a ɗiga wa mutum talatin da ƙarfe bakwai na safe. Na farko ya shiga taga ba ta gama buɗewa ba, na ƙarshe ya shiga da la'asar ta fara komawa, an yi ta ƙara masa ɗigo har koniya ta gaji. A bi layin kashi-kashi: a fara wa mutum in saura huɗu ko biyar a gabansa, a rubuta lokacin kowane ɗigo a filasta a manna masa a riga. Kafin a yi allurar kashe ido a sake haskawa a auna. Allurar bayan ido ita ma tana ƙara buɗi kaɗan, domin tana kashe jijiyar da ke jan zariya.

Inda ma'aikata suka yi kaɗan, ana jiƙa ɗan guntun soso na tiyata da haɗin magungunan a cusa a aljihun fatar ƙasa na minti 20 zuwa 30. Na kamfani shi ne Mydriasert, ɗan ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa, mai tropicamide miligiram 0.28 da phenylephrine miligiram 5.4, wanda ba a barinsa ya wuce awa biyu. Ko wanne aka sa, a rubuta an sa, a rubuta an cire. Yana iya zamewa ya haye ƙarƙashin fatar sama ko ya goge koniya.

Magani a cikin zaure

Ana iya zuba maganin kai tsaye cikin zaure ta ƙaramar ƙofar gefe, taga ta buɗe cikin ƙasa da minti guda. Lidocaine 1% marar sinadarin hana lalacewa, mil 0.2 zuwa 0.3, shi kaɗai ma yana buɗewa gwargwado, ga kashe zafi. Mydrane haɗi ne na tropicamide 0.02%, phenylephrine 0.31% da lidocaine 1%, ana zuba mil 0.2 a hankali sau ɗaya, kuma an tsara shi ne don idon da aka riga aka ga yana buɗewa da ɗigo ranar duba. Buɗin wannan hanya yakan ɗan gaza na ɗigo, amma ya fi tsayawa.

Abin da kowane ɗakin tiyata ke da shi shi ne adrenaline 1:1000. Hanya biyu ake bi. A zuba mil 0.5 cikin kwalbar ruwan wanke ido mai mil 500, ya zama 1:1,000,000, yana riƙe taga muddin ruwa na gudu. Ko a ja mil 0.1 a haɗa da mil 0.9 na ruwan BSS, wato ruwan wanke cikin ido, ya zama 1:10,000, a zuba mil 0.1 zuwa 0.2 a zaure, bakin kanula, wato siririn bututun sirinji, a kusa da labule. Ga mai IFIS wannan yana ƙara wa labulen tauri ko da tagar ba ta ƙara faɗi ba. Haɗin Joel Shugar da aka sani shi ne mil 9 na BSS Plus, mil 3 na lidocaine 4% da mil 4 na adrenaline 1:1000, duka marasa sinadarin hana lalacewa. Omidria, mai phenylephrine 1% da ketorolac 0.3%, ana zuba mil 4 cikin kwalbar mil 500, amma tsadarsa ta sa ba kowa ke ganinsa ba.

Haɗari a nan na haɗawa ne. Shimfiɗar cikin koniya ba ta sake tsirowa in ta mutu. Adrenaline tsantsa, ko maganin kwalbar ɗigo mai benzalkonium, ko lidocaine na babbar kwalba da ake ta ja daga ciki, in ya shiga zaure, washegari za a tarar da koniya fari daga gefe zuwa gefe, wani lokaci har abada. Yawancin adrenaline na kasuwa yana da bisulphite, shi ya sa ba a shigar da shi sai an tsarma sosai. Mutum biyu su karanta kwalbar da ƙarfi, a haɗa a lokacin, a liƙa suna a jikin sirinji. Sirinji biyu masu farin ruwa a kan tire ɗaya babu suna, a zubar da duka a sake.

In magani ya gaza

Ƙa'idar ita ce a yanke shawara kafin a buɗe jaka. Sa ƙugiya a ido mai jaka a rufe aikin minti uku ne. Sa ta bayan an buɗe, taga ta riga ta faɗo kan bakin jakar, shi ne inda ake kamo jaka a yage ta. In shakka ta shiga, a sa.

A fara da bisko, ruwan nan mai yauƙi. In aka zuba shi a tsakiyar taga yana ture bakin labule gefe. Masu nauyi irin Healon GV da Healon5 sun fi turawa. HPMC 2% da aka fi samu a wurarenmu turinsa kaɗan ne kuma ba ya daɗewa. Duk da na'ura ta fara zuƙa, bisko ya tafi, taga ta dawo, sai a sake cikawa.

Sai a duba ko mannewa ce. A zura kanula ko siririn cokalin labule tsakanin labule da jaka a share a kewaye, daga inda yake a sake zuwa inda ya manne. A idon da ya sha kumburi akan sami siririn farin zare ya ɗaure bakin taga. A kama shi da hantsaki a ɓare a kewaye, sau da yawa taga takan saki nan take.

Miƙewa ta dace da taga mai tauri, irin ta PXF, pilocarpine ko tsufa. A cika zaure da bisko, a shigar da ƙugiyar Kuglen biyu, ɗaya ta ja bakin taga, ɗaya ta tura na daura da shi, a hankali har kusa da kusurwa, a riƙe 'yan daƙiƙoƙi, sannan a maimaita a gicciye. Abin da ke faruwa shi ne zariya tana tsagewa ƙanana-ƙanana, don haka ɗan jini ba abin tsoro ba ne. Garaje ne ke yaga ta wuri ɗaya ko ya tumɓuke labule daga gindi. Madadin haka a yi ƙananan yanka da almakashin Vannas, shida zuwa takwas a kewaye, kowanne kusan rabin milimita, kada a ratsa zariyar gaba ɗaya. A IFIS kuwa ba a miƙewa, ba a yankawa. Labulen ba tauri gare shi ba, sanyi ne; a ja shi ya dawo kamar roba, kuma an ƙara kashe ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Ƙugiyoyin labule siraran nailan ne masu ɗan maɓallin roba, huɗu ko biyar. Duk sirrin yana wajen ƙofofinsu. A huda su a can gefen koniya inda ta haɗu da farin ido, gajeru, a kwance daidai da shimfiɗar labule. In ƙofa ta yi gaba ko ta karkata, ƙugiya za ta ɗaga labule sama kamar tanti, kayan aiki su riƙa karo da shi. A ɗan zuba bisko a ƙarƙashin bakin labule ya rabu da jaka, a shigar da ƙugiya a kwance, a juya ta ta kama baki. A maƙala duka huɗun tukuna, sannan a riƙa matsa maɓallan kaɗan-kaɗan bi da bi. Kada a ja har ƙarshe. Murabba'i mai gefen milimita 5 zuwa 6 ya wadatar, wuce haka yana barin taga a wangale har abada, majinyaci ya riƙa kukan hasken rana. Tsarin da Oetting da Omphroy suka kawo a 2002 ya fi: a juya murabba'in ta yadda ƙugiya ɗaya za ta zauna a ƙarƙashin babbar ƙofa, ta ja labule ƙasa da baya, daidai inda ya saba leƙowa. Wajen cirewa a sassauta maɓalli, a tura ƙugiya ciki ta saki, a juya, a zaro, a ƙirga su.

Zoben buɗe taga ya fi sauri kuma ba ya son ƙarin ƙofa. Na Boris Malyugin na Mosko murabba'i ne mai lanƙwasa huɗu, girma biyu, milimita 6.25 da 7.0, ƙaramin don ƙanƙanuwar taga mai tauri, babban don IFIS da tagarsa ta fara da ɗan faɗi. Ana tura shi ta babbar ƙofa, lanƙwasar nesa ta fara kama labule, sai na gefe, ta kusa a maƙala da ƙugiya. Ana cire shi bayan an sa madubi, kafin a wanke bisko. B-HEX na Suven Bhattacharjee na Indiya siriri ne mai kusurwa shida, yana ba da taga kusan milimita 5.5. A zaure marar zurfi zobe yana iya gogar koniya, nan ƙugiya ta fi.

A aikin hannu lissafin ya bambanta. Ƙwallon yana mai tauri, baƙi ko ja, ya fi kowane zobe faɗi, kuma dole ya ratso taga ya hau zaure. Saboda haka ƙugiya, miƙewa ko ƙananan yanka su suka fi dacewa. A rina jaka da trypan blue don a ga bakinta ko da ya shige ƙarƙashin labule. A zuba bisko sama da ƙasan ƙwallo, a ɗago gefe ɗaya da ƙugiyar Sinskey ya hau kan labule, sannan a riƙa juya shi sauran ya biyo, yadda mai faci ke zare taya daga rim. In ya ƙi, a tsaya a ƙara buɗe taga. Tilasta shi ne ke tsinka zaruruwan jaka, balle a PXF. In duk an rasa, a yanke labule daga sama zuwa bakin taga, inda fatar ido za ta rufe gurbin.

Riƙe ta har ƙarshe

Yawancin tagar da ta tsuke a tsakiyar aiki, hannu ne ya jawo: taɓa labule, zaure yana faɗuwa yana tashi, guntun yana yana gogarsa. Ga mai IFIS a yi ƙofa mai ɗan tsawo da ta shiga gaba cikin koniya, daidai da bakin na'ura ba ta yoyo, a raba yana da jaka da ruwa kaɗan-kaɗan, a sauke kwalbar ruwan wanke ido, a rage zuƙa. In labule ya leƙo ta ƙofa, kada a cusa shi da ƙarfi, zai dawo ya kuma zubar da launinsa. Matsi ne a bayansa. A saki ruwa ko bisko ta ƙofar gefe, a ɗan danna ƙwallo ƙasa ruwan da ya maƙale a baya ya fito, ido ya yi laushi, sannan a sharo labulen daga ciki ta ƙofar gefe.

Da an sa madubi, a wanke bisko tas, har wanda ke bayan madubin; mai nauyi in ya kwana a ciki matsi zai hau a daren. In ana so taga ta tsuke, kamar inda aka sa madubin zaure, ko jaka ta yage ana so a ga ko ruwan kauri ya maƙale a bakin taga, a zuba acetylcholine 1% ko carbachol 0.01%. Taga mai tsini ta gefe ɗaya alama ce akwai zaren da ke jan ta zuwa ƙofa. Idon da aka miƙe, aka yanka ko aka sa wa ƙugiya ya fi kumburi, a ƙara masa yawan ɗigon sitiroyid da tsawon kwanakinsa, a auna matsi washegari. Mai tsohon kumburi a ba shi cyclopentolate ko homatropine kada labule ya sake mannewa. A takardar aiki a rubuta faɗin taga a farko da a ƙarshe, abin da aka zuba a zaure da ƙarfinsa, ko labule ya kaɗa, da irin ƙugiya ko zoben da aka sa, a kuma kwafa a katin da majinyaci zai tafi da shi, domin ido na biyu wataƙila a wani garin za a yi masa.